Surukina, Mai Fentin Bamba

Surukina ya rasu ranar Talata da la'asar, a bayan gidansa da ke Kafanchan. Yana zaune a kan benci, kansa jingine da bango. Ni na same shi. Na kira shi sau biyu, na taɓa wuyansa, na je na gaya wa Mama, matarsa.

Kafin rana ta faɗi gida ya cika. Matan zumunta na cocinmu suka zo da tulunan kiɗansu, suka zauna a tsakar gida suna waƙa. Shugabarsu, wadda kowa ke kira Uwar Zumunta, ta fi kowa kuka. Ta zube a ƙofar ɗakin Mama tana cewa, "Wayyo Baba! Mutumin kirki! Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba!" Na tsaya ina kallon bakinta. Daga bakin nan sunan Baba Ɓawo ya fito.

Fasto ya zo ya yi addu'a, ya ce Baba ya tafi gida. Wani maƙwabci da ke zaune kusa da ni ya ce wa ɗan'uwansa, "Ashe tsohon yana nan? Ni na ɗauka ya daɗe da komawa ƙauye." Gida huɗu ne tsakaninsa da mu.

Babban ɗansa, wan matata, ya iso daga Abuja ranar Laraba. Ya rungumi Mama ya yi hawaye. Hawayen gaske ne, ban hana shi wannan ba. Daga nan ya zauna da waya yana shirya takardar jana'iza. Da aka bugo ta na karɓi ɗaya. Ban yi makaranta ba, karatuna na ajin manya ne na coci, Hausa kawai, sai na nemi shafin Hausa na bi shi da yatsa. An rubuta: tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, manomi, dattijo mai tsoron Allah. Na juya gaba, na juya baya. Babu fenti. Mutumin nan ya fi shekara ashirin yana fentin bambar motoci a bayan gidan nan. Da wannan aikin ya biya kuɗin makarantar wanda ya rubuta takardar.

Mutum ɗaya ne ta'aziyyarsa ta shige ni. Wani tsohon direban tasi ne mai bin hanyar Kagoro. Bai shiga ɗaki ba. Ya ja hannuna zuwa waje, ya durƙusa a gaban motarsa, ya daki bambar da tafin hannu.

"Duba nan. Shekara tara. Na buge akuya da ita, na buge kututture, ta lanƙwashe ta miƙe. Ka ga inda fentin ya tashi?"

"Ban gani ba."

"To, abin da na zo faɗa ke nan."

Ya shiga motarsa ya tafi.

Ni suruki ne. A wurinmu suruki ba ya magana a jana'iza. Yana kawo akuya, yana ɗaukar kujeru, yana haƙa in an ce ya haƙa. Shi ya sa na zauna na rubuta. Akwai sunan da aka ɓata wa mutumin nan, kuma da hannuna aka ɓata shi.

Ga yadda na shigo gidansa.

Ina noma a wani ƙauye kusa da Godogodo, da matata, 'yarsa ta biyu. Shekarar da aka shigo mana aka ƙone gidaje, ta mutu a ciki. Ni na fita da hannun hagu a ƙone. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba. Aka tara mu a wata makarantar firamare. Kwanana tara a can ina kwance a kan siminti, sai na ga ƙafafu a gabana. Baba ne. Ya riga ya binne 'yarsa. Ba mu haihu ba, saboda haka a al'ada abin da ke tsakanina da shi ya ƙare.

Ya ce, "Tashi. Ɗauko takalminka."

Na ce, "Ba ni da takalmi."

Ya tuɓe nasa ya tura mini da ƙafa. Haka muka taka har bakin titi, shi ba takalmi. Bai yi mini ta'aziyya ba, ni ma ban yi masa ba. Da muka iso gida ya nuna mini ɗakin da yake ajiye gwangwanaye ya ce, "Nan." Washegari ya ajiye mini baho da ruwan ɗumi da soso, ya ce in wanke bamba.

Yatsuna uku sun ƙage a lokacin, ba sa miƙewa. Na nuna masa. Ya ce, "Da shi za ka riƙe soson." Na ji haushinsa. Wata huɗu ina cuɗa roba a cikin ruwan ɗumi da wannan hannun, ina zaginsa a zuci. Wata rana na ga na riƙe kofi da shi. Ya gani, ya kau da kai.

Da can fentin taragon jirgi yake yi. Da jirgi ya daina zuwa kamar da, ya dawo gida ya kafa benci biyu a baya. Ba shi da injin feshi, ba shi da gareji. Gwangwanin feshi yake saye. Bamba yake yi, da murfin madubi, da robobin gefen ƙofa, duk abin da yake na roba a jikin mota. Ƙarfe ba ya taɓawa. Yakan ce masu ƙarfe suna da yawa a tasha.

Wanda bai san aikin ba zai ce mene ne a ciki. In mota ta yi karo aka sayo sabuwar bamba, baƙa take zuwa, roba tsirara, ba fenti. A ido tsaf take. Amma akwai wani mai a jikinta, wanda masu ƙera ta ke shafa wa mazubi don kada ta manne. Ba a ganinsa, ya shige cikin robar. In ka fesa fenti a kansa zai yi ƙyalli, ka ji daɗi, amma bai kama ba. Kwanciya kawai ya yi a sama.

Baba yakan ce, "Sabuwar roba maƙaryaciya ce." Sai ya wanke ta da ruwan ɗumi da garin sabulu da soso mai kaushi, ciki da waje, har lungun da ba wanda zai gani. Ya ɗora ta a kan benci a tsakiyar rana. In rana ta gasa ta, man yana fitowa. Shi wannan yake kira gumi. Ya sake wankewa, ya sake shanyawa. Kwana uku, wani lokaci huɗu. Da damina har mako. Sannan ya ɗebo ruwa a kofi ya zuba mata. In ruwan ya tsaya ƙwaya-ƙwaya kamar a kan ganyen gwaza, sai ya ce, "Da saura," a koma baho. In ya shimfiɗu ya sauka gaba ɗaya, sai ya ce, "Ta yarda."

Daga nan ya bi ta da samfefa mai laushi, ya wanke ƙurar. Ya yayyafa ruwa a ƙasa don kada ƙura ta tashi. Ya tsoma gwangwani a ruwan ɗumi, ya girgiza shi yana rera waƙar coci guda ɗaya daga farko har ƙarshe, don da ita yake auna lokaci. Muryarsa ba daɗi. Ya fara da faraimar roba, wato shafin farko da ke sa fenti ya kama, siririya kamar raɓa. Sai fenti hawa uku, kowanne sai na ƙasa ya sha iska. Bayan kwana biyu ya manna salatif a wani lungu na ƙasa, ya danna da babban yatsa, ya fizge. Ya ɗaga salatif ɗin a rana ya duba. In ya fito fes, mai mota ya zo ya ɗauka.

"Feshi minti goma ne," in ji shi. "Wankin ne aikin."

In bamba ta yarda, ba mai taɓa ta. Wata rana Fasto ya shigo gaisuwa, ya riga ya ci ƙosan Mama a ƙofar gida, ya miƙa hannu zai shafa wata. Baba ya buge hannun, ji kake tas.

Fasto ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, hannun bawan Allah ne fa, shafaffe."

"Na gani. Je ka wanke shi da sabulu."

Da Mama kuwa sai da suka yi mako ba sa magana. Tana suyar ƙosai na sayarwa, murhunta kuma a baya yake a lokacin. Ya ce hayaƙin manta yana sauka a kan robarsa. Ta ce kafin robar ta zo gidan ita ta zo. Ya ɗauke murhun ya kai ƙofar gida. Ta ɓoye masa soso. Ya sayo wani, ta ɓoye.

"Ka je ka auri roba," in ji ta. "Ita ce kake yi wa wanka sau uku a rana."

"Ita ba ta amsa mini magana."

A rana ta takwas ya sayo kwano biyu ya kafa mata rumfa a bakin hanya. Cinikinta ya ƙaru. Ba ta gode masa ba. Sosunansa biyu dai ya same su a kan benci.

Direbobi suna jin haushin jinkirinsa. Wani ya zo ya ce gobe yake so. Baba ya ce, "Kai ta tasha. Kafin ka gama cin masara guda an gama maka." Wasu suka tafi. Bayan damina ɗaya suka dawo da bamba tana saɓa kamar maciji. Bai taɓa ce wa kowa na gaya maka ba. Baho kawai yake nuna mini.

Yanzu ga abin da ya faru, shekara shida da suka wuce.

Matan zumunta suna da farar bas. Ta daki ginshiƙin gada, bambar gaba ta tsage. Suka sayo sabuwa, baƙa. Ranar Asabar za su je babban taron mata a Kagoro, inda majami'u da yawa ke haɗuwa. Ranar Alhamis da yamma aka kawo mana ita. Wan matata a lokacin yana aikin ofis a nan gari, shi ne sakataren coci, shi ne kuma yake nemo kwanon da ake rufin sabon ginin coci da shi. Shi ya ce wa kwamiti a kai wa babansa.

Baba ya zuba mata ruwa. Ruwan ya tsaya ƙwaya-ƙwaya kamar tsakiya.

Ya ce, "Talata."

Wan matata ya ce, "Baba, Asabar za su tafi. Na riga na yi alkawari a gaban kwamiti."

"Ka je ka kwance shi."

"Farar mota da baƙin baki? A gaban baƙi?"

"Baƙar bamba ba ta hana mota tafiya. Su ɗaura ta haka. In sun dawo a kwance a kawo."

"Baba, kullum sai ka mai da ƙaramin abu babba. Fenti ne fa kawai."

"Ba ta yi gumi ba."

Nan maganar ta tsaya. Ranar Juma'a da safe Baba da Mama suka tafi Fadan Kagoma, garinsu, jana'izar wani ɗan'uwansa, za su kwana can. Kafin ya fita ya ce mini, "Wanke ta da rana tsaka, ka juya ta. Kada kowa ya taɓa."

Da hantsi wan matata ya shigo da gwangwanaye a leda.

"Suruki, ai ka iya. Kullum kana gefensa."

"Baba ya ce a'a."

"Baba ba ya nan."

"Ba ta yi gumi ba, Yaya."

"Kai ma ka koyi wannan waƙar?" Ya ajiye ledar a kan benci. "Bari in tambaye ka. Ƙanwata shekararta nawa a ƙasa? Kai kuma har yau tuwon gidan wa kake ci?"

Na ɗebo ruwa na zuba mata don ya gani da idonsa. Ruwan ya yi ƙwaya-ƙwaya. Ya ce, "Goge da tsumma." Na goge. Ko faraima bai sayo ba. Na girgiza gwangwani, na fesa. Hannuna ne, ba wanda ya riƙe mini shi. Na san abin da zai faru, na kuma fesa hawa na biyu da na uku.

Ta yi kyau. Wannan ne abin takaicin. Ta yi fari tas tana ɗaukar ido. Da yamma aka zo aka ɗauka aka ɗaura.

Baba ya dawo Asabar da rana. Ya ga benci ba komai. Ya ga farar ƙurar fenti a ƙasa. Ya dubi farcen babban yatsana. Ya zauna ya ce in ba shi ruwa.

Abin da ya faru a Kagoro direban bas ɗin ne ya ba ni labari. Matan sun manna ƙyallen sunan zumuntarsu a gaban mota da salatif. Da suka iso gindin dutse, inda aka jera motoci, wata ta kama ƙyallen ta ja. Fentin ya biyo shi, faɗin tafin hannu biyu, baƙar roba ta leƙo. Ta kama gefen ta sake ja, ya ci gaba da zuwa kamar leda. Matan wasu majami'u suka taru. Wata ta yagi tsiri tana kaɗa shi sama tana rawa. Kafin a shiga taro bambar ta koma baƙa, sai ɗigo-ɗigon fari. Namu suka dawo da yamma ba mai waƙa a cikin mota.

Ranar Lahadi, lokacin sanarwa, sakatare, wan matata, ya hau bagade, inda ake wa'azi. Ya karanta cewa kwamiti yana baƙin cikin abin kunyar da ya sami iyayenmu mata a gaban baƙi, kuma ana so wanda aka ba aikin ya yi bayani. Bai ɗaga ido daga takardar ba.

Na yunƙura zan tashi. Hannun Baba ya sauka a kan gwiwata. Ban san tsohon yana da ƙarfi haka ba. Ya danne ni, ya dafa ni ya miƙe.

"Aikin gidana ne. Ni ne. Ku yi haƙuri."

Uwar Zumunta ta buɗe jakarta ta zaro tsirin fentin, ta ɗaga shi kowa ya gani.

"Baba, wannan fenti ne ko ɓawon rogo?"

Coci ya ɗauki dariya. Baba yana tsaye har aka gama. Ya ce a kawo masa bambar ya sake. Aka ce an gode, za a kai Jos.

Da muka dawo gida na bi shi baya.

"Baba, ni na fesa."

"Na ga farcenka."

"Bari in je in faɗa. In faɗi wanda ya sa ni."

"Muddin ina numfashi ba za ka buɗe baki ba."

"Don me?"

"Je ka ɗebo ruwa."

Na ce a raina don ɗansa ne. Ɗa mai takardu, mai hawa bagade, mai kawo kwano. Tsohon ya zubar da sunansa don kada rigar ɗansa ta yi datti. Da wannan tunanin na zauna shekara shida, kuma bai bar ni na ji daɗin abinci ba.

Gari ƙarami ne, direbobi kuma suna da baki. Kafin wata biyu aiki ya yanke. Waɗanda bambarsu ta shekara biyar ba ta tashi ba, su ma suka ce tsufa ya kama shi, ido ya tafi. Sunan ya bi shi. In ya ratsa tasha sai ka ji, "Baba Ɓawo, ina gajiya?" Shi kuma ya ɗaga hannu ya amsa. Wannan amsawar ta fi ci mini rai. Na taɓa cakumar wuyan wani kwandasta a kan haka. Baba ya raba mu, ya ba kwandastan haƙuri, ya yi kwana biyu bai yi mini magana ba.

Ya koma noman citta a Fadan Kagoma, yana da shekarun da bai kamata ya sunkuya ba. Bayansa ya lalace. Jefi-jefi wani ɗan acaba zai kawo murfin gefen babur, abu kamar faranti. Haka zai wanke shi kwana uku, ya zuba ruwa, ya rera waƙarsa, ya manna salatif. Ba mai kallo sai ni.

Ɗansa ya sami ƙarin girma ya koma Abuja. Yana aiko da shinkafa lokacin Kirsimeti. Ya aiko da waya. In ya zo gida yana zama a falo. Ban taɓa ganin ya taka bayan gida ba tun daga ranar nan. Baba kuwa in an yi baƙo sai ya ɗauko hoton ɗan ya nuna.

Sau ɗaya na sake tambaya, a bara, yana kwance da ciwon baya.

"Baba, in faɗa?"

"Ina numfashi?"

"Kana yi."

"To."

Aka binne shi ranar Asabar a Fadan Kagoma. Na haƙa, na ɗauki kujeru. Mutum bakwai suka yi jawabi, uku da Turanci. Washegari bayan sujada aka yi zaman iyali a gidan Kafanchan, Fasto da Uwar Zumunta suka zo rufe makoki da addu'a. Wan matata ya ce zai gina ɗakuna a baya don Mama ta riƙa samun na haya. Ya ce, "Tarkacen nan, benci da gwangwanaye, a kwashe a zubar."

Na tashi. Wani kawu ya ce suruki ba shi da baki a nan. Na ce na sani.

Na ce, "Bambar motar zumunta ba Baba ya fesa ba. Ya ce a jira. Ni na fesa, Yaya ne ya sa ni. Baba ba ya gari. Ya hana ni faɗa yana da rai. Yanzu ba shi da rai."

Na jira ɗakin ya girgiza. Ba abin da ya motsa. Wan matata yana kallon wayarsa. Uwar Zumunta ta gyara ɗankwali.

"Yo ɗana, ai wannan ba labari ba ne. A mota ɗaya muka je Fadan Kagoma da Baba ran nan. Ni na riƙe masa jaka. Muka dawo da yamma muka bar shi can, na biyo ta coci na tarar ana ɗaura bamba fara fat."

"Uwar Zumunta, kin sani?"

"Fasto ma ai shi ya yi wa'azi a wurin jana'izar. Rabin kwamiti suna can."

Na dubi Fasto. Yana duban takalminsa.

"To me ya sa kika ce masa ɓawon rogo?"

"Wasa ne. Raina a ɓace yake. Wa ya san abin zai bi shi?"

Fasto ya ce, "Baba ne ya zaɓa ya tashi. An ci mutuncin mata, dole wani ya ba da haƙuri. Ga rufin coci a rabi a lokacin. Da me kake so mu yi?"

Sai a nan na gane. Baba ya san sun sani. Tare suka zauna a mota. Ya miƙe a gaban mutanen da suka san ba shi ba ne ya ce shi ne, su kuma suka karɓa, suka yi dariya, suka kai aikinsu wani wuri don ƙaryar ta zauna daidai. Ni kaɗai ne a garin nan nake ɗauke da shi a matsayin asiri.

Na ce, "Duk don a rufa wa Yaya baya."

Sai Mama ta ɗago.

"Wannan?" Ta nuna ɗanta da leɓe. "Wa zai taɓa wannan? Ko da an faɗi sunansa a kan bagade, mai kwano ne, za a ce kuskure ne. Kai ne wawa. Da an tona, za a tambaya hannun wa ya riƙe gwangwani. Baƙo, ba mata, ba ɗa, ba gida. Da kafin Lahadi ta zagayo shi wannan ya fitar maka da kaya, kowa kuma ya ce ya yi daidai. Babanku ya ce mini, wannan mutumin an riga an ƙone masa gida ɗaya."

Na zauna. Ban san lokacin da aka yi addu'ar rufewa ba.

Da Fasto zai fita na tare shi a ƙofa. Na ce a wurin sanarwa aka ɓata sunan, a wurin sanarwa nake so a gyara. Layi biyu kawai. Na ce a faɗi sunana, ban damu ba. Ya dafa kafaɗata ya ce, "A bar mamaci ya huta, ɗan'uwa." Lahadi ta zo na zauna a gaba. Aka sanar da ranar azumi, da taron matasa, da godiyar iyalin marigayi ga duk wanda ya zo. Aka tashi.

Saboda haka na rubuta da kaina. Zan kai a buga mini, in raba a tasha, direbobi su karanta wa waɗanda ba su iya ba. Ga abin da nake so a sani. Mutumin nan bai taɓa fesa fenti a kan robar da ba ta yarda ba, ko sau ɗaya. Wadda ta ɓare a Kagoro tawa ce. Duk wanda ya kira shi da sunan nan, ya sani ni ya kamata ya kira. Ina nan, ba inda zan je.

Shi kuwa yana Fadan Kagoma, a bayan tsohon gidan mahaifinsa, gab da gonar cittarsa. An zuba siminti, an rubuta manomi. Fasto ya ce yana wurin Ubangiji. In haka ne, yana wurin da ba sai ya miƙe ya ce shi ne ba.